Yadda na kai maƙalata ta farko taron masana harshe na duniya

Tsakuren farko (wato taƙaitaccen bayanin maƙalar da mutum yake son gabatarwa) da na aika wa taron masana kimiyyar harshe na ƙasa da ƙasa, amsar da ta dawo min ba ta wuce layi uku ba: an gode, tsakure sun yi yawa bana, ba a samu gurbin nawa ba. A ƙasan saƙon aka manna ra'ayin mutum biyu da suka tantance shi. Na farko ya ce bai ga misali ko ɗaya ba. Na biyu ya ce ya karanta har ƙarshe bai gane abin da nake da'awa ba. Kwana biyu na yi ina cika ina batsewa, ina cewa ai dama sun san waɗanda suke ɗauka. A lokacin ina shekara ta biyu a digiri na uku, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna min yadda wannan harka take tafiya daga tushe. Shekara ta zagayo na sake gwadawa a wani taron da aka yi a wata jami'a a Turai, aka karɓa, na je na gabatar. Abin da ya faru tsakanin wancan saƙo da ranar da maƙalar ta fito a kundi shi zan zayyana, ko wani ya huta da irin faɗi-tashin da na yi.

Da farko ban ma san tarukan da ake ji da su ba. Akwai WOCAL, babban taron masana harsunan Afirka na duniya, da ake yi duk shekara uku. An fara shi a 1994 a Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, ya zaga Buea ta Kamaru a 2012, Kyoto ta Jafan a 2015, Rabat ta Maroko a 2018, ya sauka a Nairobi a 2024. Akwai ACAL, shi ma taron masana harsunan Afirka ne, da jami'o'in Amurka da Kanada suke karɓar baƙuncinsa kowace shekara tun 1970, akwai kuma wanda Jami'ar Leiden ta Holan take shiryawa duk shekara wajen ƙarshen watan Agusta. Sanarwar neman maƙalu kan fito watanni da yawa kafin taron, a shafin masu shiryawa da kuma LINGUIST List, wani dandalin sanarwa na masana harshe a intanet. Ni kuwa kafin in san waɗannan, saura ƙiris wani taron bogi ya yi awon gaba da kuɗina. Imel ne ya shigo yana koɗa ni, wai sun karanta ayyukana sun ƙayatar da su, alhali ban taɓa buga ko shafi ɗaya ba. Da na kai wa malamin da ke duba aikina, kallo ɗaya ya yi wa jerin fannonin taron, ya ga injiniyanci da aikin jinya da adabi duk a zaure guda, ya ce, "Wanda zai karɓi tsakurenka cikin kwana biyu bai karanta shi ba, aljihunka ya karanta."

A wannan zaman ne na fito da tsakuren da aka ƙi, ina neman wanda zai taya ni jin haushi. Malam ya karanta shiru, ya ɗauki jan biro ya ja layi tun daga sama har ya kusa tsakiyar shafi. Abin da ya soke duk shimfiɗa ce: cewa Hausa harshe ne na dangin Chadi, reshe na Afro-Asiya, da yawan masu magana da ita, da muhimmancin harshe ga al'umma. Ya ce mutanen da za su karanta wannan sun san gurbin Hausa tun da Joseph Greenberg ya fitar da rabe-rabensa na harsunan Afirka a 1963, ba sa bukatar ɗalibi ya tuna musu. Sai ya ajiye biro ya ce, "Gaya min a jimla ɗaya, me ka gano?" Na fara, "Ranka ya daɗe, wannan bincike zai yi ƙoƙarin duba..." Ya ɗaga hannu. "Ban tambaye ka abin da za ka yi ƙoƙari ba. Me ka gano?" Na yi tsuru-tsuru. Gaskiyar magana ita ce ina da fage, ina da tarin littattafan da na karanta, amma ba ni da magana guda da zan tsaya a kanta wani ya ce ƙarya ne ko gaskiya ne.

Wata uku na ɗauka kafin na samo wannan jimla. Aikina a kan jam'in kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi ne. Hausa na da ɗimbin hanyoyin gina jam'i, to idan baƙuwar kalma ta shigo, wace hanya take bi, kuma me ya sa? Na zauna na jera kalmomin da na tattaro daga jaridu da labaran rediyo da bakin mutane, tilo a hagu, jam'i a dama, na ma koma ƙamusun Bargery na 1934 don in ga waɗanda suka daɗe da shigowa. Sai tsari ya fara bayyana. Kalmar da ta ƙare da wasalin a, kusan kullum sai ta jefar da shi, ta ɗauki o, ta maimaita baƙinta na ƙarshe, ta rufe da i: direba direbobi, gwamna gwamnoni, lauya lauyoyi, soja sojoji. Idan baƙin t ne ko s, ganɗantawa ta shigo, wato t ta koma c, s ta koma sh a gaban i, shi ya sa muke cewa motoci da sanatoci da farfesoshi. Amma kalma mai gaɓa biyu wadda gaɓarta ta farko nannauya ce (mai dogon wasali, ko mai ƙarewa da baƙi), ta kuma ƙare da i ko o, ta fi karkata ga ɗafa-ƙeyar una, wato a liƙa mata una a ƙarshe: banki bankuna, kanti kantuna, kati katuna, hoto hotuna, famfo famfuna. Da'awata ke nan, cewa siffar kalmar tilo ce take zaɓar mata jam'i, ba ma'anarta ba, ba kuma zamanin da ta shigo ba. Da wannan na buɗe sabon tsakuren, misalai suka biyo baya nan take, sunayen magabata suka koma layi biyu a ƙasa.

Sai kuma sharuɗɗan rubutun, waɗanda na raina a karon farko. Taron ya ƙayyade shafi ɗaya na bayani, da shafi na biyu na misalai da manazarta, kuma kada sunan marubuci ya bayyana ko'ina, domin masu tantancewa ba sa sanin mai tsakure, shi ma ba ya sanin su. Na cire sunana daga saman takarda ina ganin na gama, ashe yana nan maƙale a bayanan fayil ɗin, kwamfuta ta sa shi da kanta. Wata abokiyar karatuna ce ta nuna min inda ake goge shi. Misalan kuma dole su bi ƙa'idojin Leipzig, waɗanda Bernard Comrie da Martin Haspelmath da Balthasar Bickel suka tsara: layin farko kalmar a harshenta an yanka ta da karan-ɗori, layi na biyu ma'ana ko aikin kowane yanki daidai ƙarƙashinsa, layi na uku fassara. Idan karan-ɗori biyu ne a sama, biyu za a gani a ƙasa, ba ƙari ba ragi. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sa alamar karin sauti da tsawon wasali. Mu da muka tashi da harshen ba ma bukatar alama mu bambance kukan yaro da kukar da ke bakin hanya, ko garin da ake zama da garin da ake tankaɗewa, amma wanda ba ya jin Hausa, in ba ka sa masa ba, rabin hujjarka ta ɓace masa. A nawa aikin ma karin yana cikin hujjar, tunda jam'i irin na motoci duk gaɓoɓinsa karin sama ne, na bankuna kuwa gaɓar ƙarshe ƙasa take sauka. Na sha zama ni kaɗai da dare ina maimaita kalma ɗaya da ƙarfi kamar mai koyon magana, wasu ma sai da na naɗi muryata na duba a Praat, manhajar nazarin sauti, kafin na yarda da kunnena.

Ta shafin EasyChair aka ce a aika. Mutum zai buɗe asusu, ya cike take da muhimman kalmomi, ya zaɓi ko jawabi yake so ko fosta, wato babbar takardar da ake kafewa mutane su zo su duba, ya ɗora fayil. Na bari sai daren ƙarshe, kuma da agogon ƙasar masu taron ake lissafin wa'adi, ba da nawa ba. Saura minti ashirin a rufe intanet ya fara wasa da ni. Ya dai tafi, amma ban sake yin wannan gangancin ba. Daga nan sai jira. Sun ce sakamako zai fito cikin mako takwas, ya kai goma sha ɗaya. Na rasa ko in rubuta in tambaya ko in yi shiru kada a ce na cika naci. Daga baya na gane masu tantancewar malamai ne da ke yin aikin kyauta a kan nasu ayyukan, jinkirin mako biyu ko uku ba ya nufin komai. Ranar da saƙon ya zo sau uku na karanta layin farko. An karɓa, jawabi na minti ashirin da minti goma na tambayoyi. Ɗaya daga masu tantancewar ya ce misalan sun gamsar da shi. Ɗayan ya ce in koma babin jam'i na nahawun Hausa da Paul Newman ya fitar a 2000, in fayyace abin da na ƙara a kan abin da aka riga aka faɗa. Ya yi gaskiya, kuma wannan gyaran ne ya hana ni jin kunya a gaban jama'a.

Murna ba ta daɗe ba maganar kuɗi ta taso. Karɓar tsakure ba ya nufin za a biya maka komai, wannan shi ne abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, ni ma haka. Akwai kuɗin rajista, na ɗalibi ya fi sauƙi amma sai ka tura shaidar ɗalibta, kuma wanda ya biya da wuri ya fi samun rangwame. Katina na banki ya ƙi biya a shafinsu har sau huɗu. Na rubuta wa sakatariyar taron a tsorace, ta amsa washegari cewa ba ni kaɗai ba ne, in biya a hannu idan na iso, kuma za a bar min farashin masu biya da wuri. Akwai kuma tallafin tafiya, wanda wa'adin nemansa daban yake da na tsakure. Da kyar na riske shi, domin yana can ƙasan shafin, sai ka gangara. Sun nemi wasiƙa daga malamina, da tarihin karatuna, da ƙiyasin abin da zan kashe. An ba ni, amma rabin kuɗin jirgi ne, kuma ba a hannu ba: sai ka kashe naka, ka dawo, ka tura rasit, sannan a mayar maka. Sashenmu ma na nema, takardata ta yi wata biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur, har na tafi na dawo ba ta fito ba. Rance na ci na sayi tikiti.

Biza ce ta fi cin raina. Ƙasar tana cikin yankin Schengen, rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, doka ta ba da damar nema tun wata shida kafin tafiya, kuma a ƙa'ida kwana 15 ake yanke hukunci, amma yana iya kaiwa 45. Abin da ba a rubuta ba shi ne samun ranar ganawa kansa yana iya cin makonni. Na yi zaton imel ɗin karɓar tsakure ya isa shaida, ashe ana bukatar wasiƙar gayyata ta musamman, mai tambarin jami'ar da sa hannu, da sunana kamar yadda yake a fasfo, da ranakun taron. Sai da na sake rubutawa aka aiko, mako guda ya tafi a nan. Sauran takardun: fasfo da zai kai aƙalla wata uku bayan ranar fitowa daga yankin, mai shafi biyu da ba a taɓa ba, inshorar lafiya ta Yuro 30,000, shaidar masauki, shaidar kujerar jirgi, bayanin asusun banki, da wasiƙa daga jami'ata cewa ni ɗalibinta ne kuma zan dawo. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu. Sai bayan na biya na ji cewa dokar bizar ta yafe wannan kuɗi ga masu bincike da za su halarci taron ilimi, don haka wanda zai je ya tambaya kafin ya miƙa kuɗinsa. Ranar ganawar na yi awa uku a layi, ganawar kanta ba ta kai minti goma ba: aka ɗauki hoton yatsu, aka tambaye ni me zan je yi, wa zai biya. Fasfo ya dawo saura kwana shida tafiya.

Cikin wannan zullumi nake shirya jawabin. Na rubuta shafi goma sha huɗu, na karanta a gaban abokan karatuna, agogo ya nuna minti talatin da takwas ban kai ga sakamako ba. Malam yana zaune a baya, ya ce, "Kai littafi ka zo karanta mana?" Na yanke, na sake yankewa, ina jin kamar naman jikina nake cirewa. Bitar ayyukan magabata ta koma minti biyu. Abin da ya rage shi ne tambaya, da'awa, rukunin misalai uku, da inda da'awar take da rauni. Na kuma buga takardar rabawa mai shafi biyu, kowane misali da lambarsa, saboda masana harshe sun saba tambaya da lamba, su ce mu koma misali na 12. Sau bakwai na gwada da agogo kafin ya tsaya a minti goma sha tara.

Ranar ta zo. Zaure huɗu ake gudanarwa lokaci guda, nawa ya faɗo rana ta biyu da yamma, mutanen da suka shigo ba su fi ashirin da biyar ba. Da farko na ji ba daɗi, ina tsammanin cikar kwari, amma na lura waɗanda suka zo ɗin su ne masu aiki a kan ginin kalma da harsunan Chadi, wato waɗanda suka san inda za su taɓa. Na sa filashi a kwamfutar zauren, shafin farko ya hau bango, gabana ya faɗi: duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke, ɗan akwati ne ya fito, wasula masu alamar kari kuma sun tarwatse. Kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi. Allah Ya taimake ni abokiyar karatun nan tawa ta matsa min in ajiye kwafi na PDF, shi na buɗe, komai ya dawo daidai. Shugabar zaman tana gaba da katuna, ta ɗaga mai lamba 5, can ta ɗaga mai lamba 1, na rufe baki daidai lokacin. Tambaya ta farko mai sauƙi ce, wani ya ce kamfani da asibiti da i suka ƙare, me ya sa ba a cewa kamfanuna? Na ce gaɓoɓinsu sun wuce biyu, shi ya sa suka koma kamfanoni da asibitoci. Sai wata dattijuwar farfesa da ke gefen taga ta ɗaga hannu, ta tambaya da Hausa tsaf, "To malam, bokiti fa?" Gaɓa uku, ya ƙare da i, a lissafina bokitoci ya kamata a ji, amma kowa bokitai yake cewa. Na ji zufa ta keto min. Na tuna gargaɗin Malam cewa kada in kuskura in yi kame-kame, na ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba ta shiga tsarina ba, kuma ban san dalili ba tukuna." Ta yi murmushi ta ce ta ƙara min da fim da finafinai, in haɗa in tafi da su.

A hutun da ya biyo baya ita ta neme ni. Muka tsaya a baranda kusan rabin awa, ta zana min a bayan takardar rabawata yadda take ganin karin sautin kalmar tilo yana da hannu a zaɓin, abin da ni na tsallake. Ta haɗa ni da wani ɗalibi da ke irin aikina a wani harshe na Chadi, har yau muna musayar bayanai. Wannan rabin awar ta fi minti ashirin ɗin da na kashe wata da watanni ina shiryawa amfani, kuma da na yi musu a zaure ko na ƙirƙiro amsa, da ba ta tsaya da ni ba.

Bayan dawowa aiki bai ƙare ba. Masu tallafi suka nemi rasit da katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa. Na dawowar na jefar a filin jirgi, sai da na roƙi kamfanin jirgin ya ba ni takardar shaidar na yi tafiyar, kuɗin suka shigo bayan wata uku. Sannan sanarwa ta zo cewa mai son maƙalarsa ta shiga kundin taro ya aika cikakkiya, ita ma sai an sake tantance ta, gabatarwa a zaure ba ta ba ta lasisi ba. Suka nemi lambar ORCID, lamba mai gurbi 16 da ke bambance mai bincike da masu irin sunansa, kyauta ake buɗewa cikin minti biyar. Malam ya ja hankalina cewa abin da ya fito a kundi, mujallu da yawa ba za su sake karɓarsa yadda yake ba, don haka in yanke shawarar inda nake son aikin ya zauna tun kafin in aika. Na zaɓi kundi. Gyara ya je ya dawo sau biyu, daga ranar taro zuwa fitowa shekara ɗaya da wata biyar.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara neman wasiƙar gayyata da ranar ganawar biza a makon da aka karɓi tsakurensa, ya karanta shafin taron har ƙasa saboda wa'adin tallafi, kada ya jefar da ko guntuwar takarda sai an biya shi. Amma duk waɗannan wahalar hanya ce. Abin da ya raba tsakuren da aka ƙi da wanda aka karɓa shi ne na biyun ya faɗi magana guda da za a iya ƙaryatawa, ya kuma ajiye misalan da za a auna ta da su. An kuwa ƙaryata wani ɓangare nata, a bainar jama'a, da kalma ɗaya. A maƙalar da ta fito, sashe na biyar gaba ɗaya a kan bokitai da finafinai yake, shafi uku, kuma babi na huɗu na kundin digirina daga nan ya tsiro. Har yanzu ina tara irinsu a wani ɗan littafi da ke aljihun jakata, jiya ma na ƙara guda biyu.